Kayan Zuwa Gungun Kanya

Ranar da labarin ya iso ni, ina zaune bisa tabarma a tsakar gidanmu na Yelwa, na baje kaya ina shirin tafiya gungu. Laraba ce da hantsi, a shekarar da aka toshe kogin Kwara a Kainji.

Gungun Kanya tsibiri ne a tsakiyar kogi. Can aka haife ni, can kuma mahaifiyata, Inna, take zaune. Duk shekara nakan je in yi mako biyu, ba daka ba surfe, sai in kwanta gindin mangwaro in ci kifi. Wannan karon akwai abin da ya fi hutu. Wata biyu ke nan da aka kai wa Inna ɗiyata Dudu yaye. Ita ce ta fari, don haka ban taɓa kiran sunanta ba, ban taɓa yi mata wasa gaban mutane ba. Haka muka taso. "Yarinyar nan" nake ce mata.

Kwana uku ina shirya kayan nan ina warwarewa. Gishiri, kanwa, ashana, kwalbar kananzir da na toshe da totuwa, goro cikin ɗanyen ganye, da gidan sauro, don sauron gungu ba ya jin hayaƙi. A can ƙasan kwalla na ɓoye 'yar rigar da maigidana Bello ya ɗinka a shagonsa, da alewa ƙulli guda.

Maƙwabciyata Rahila ta leƙo ta kan danga.

"Habsatu, gungu za ki ko Makka?"

"In kin ga dama ki zo ki ɗaura mini."

Ta shigo, ta tura hannu cikin kwallar ta zaro alewar. "Wagga fa ta wa ce?"

"Ta Inna."

"Inna mai haƙori biyu? Ki dai ce kina marmarin ɗiyarki, ba mai kai ki gaban alƙali."

Muna cikin dariya ƙanena Tamada ya faɗo gidan ba sallama. Wandonsa jiƙe har ƙugu. Ya dubi kayan, ya dube ni.

"Yaya, ina za ki?"

"Gida mana."

"Babu gida. Ruwa ya ci gungu."

Na ci gaba da naɗe gidan sauro. Wallahi na ji maganar, amma ba ta shiga ba. Mun san za a tashi mutane. An shafa lamba a ƙofofi, an gina wasu ɗakunan siminti a kan tudu, rabin gari ya riga ya ƙaura. Amma Inna ta aiko cewa tana nan sai ta ga abin da ruwa zai yi, in zo abina. Ban ji tsoro ba, don mu mun san Kwara. Farin ruwa yakan zo da damina, baƙin ruwa ya biyo da sanyi, kowanne ya taɓa saiwar babbar kanyar bayan gidanmu ya koma. Ba wanda ya taɓa ganin ruwan da ya zo ya zauna.

"Inna tana sabon gari ke nan?" in ji Rahila.

Tamada ya durƙusa. Ya ce ran Lahadi ya kwashe awaki da ƙyauren ɗaki a kwalekwale. Ya roƙi Inna ta shiga, ta ce farin ruwa ne, shekara sittin tana kallonsa, ba za ta bar rumbunta don shi ba. Ya ce to ta ba shi yarinya, ta ce ba a ɗora yayayye bisa awaki. Ya tafi da niyyar dawowa washegari ya ɗauke su ko da ƙarfi. Sai iska ta taso, ruwa ya yi tozo irin wanda ba a taɓa gani a kogi ba, ba jirgin da ya iya fita daga sabon gari. Jiya Talata ya isa.

"Sai kan giginya, Yaya, da jinkar rumbu tana yawo. Na zaga har yamma ban ga kowa ba."

Bakina ya buɗe, sunan ya ƙi fita. "Yarinyar fa?"

Ya girgiza kai.

Ban san lokacin da na ɗora kwallar a ka ba. Rahila ta ce murfin ma ban rufe ba. Ta ruga kasuwa kiran Bello, ni kuwa na bi Tamada bakin ruwa ba takalmi.

Ban gane kogin ba. Inda ake ganin ƙetare, yanzu ruwa ne har iyakar ido. Tamada yana tuƙi yana nuna mini: nan masallaci, nan lambun albasar su Modibbo, nan ƙofarmu. Ni dai ruwa nake gani, ja, yana ɗauke da kara da tsumma da wata kaza a kumbure. Ya sa gora ya taɓa ƙasa bai samu ba.

Kanyar tana nan, ruwa ya kai mata wuya. Nan na miƙe tsaye cikin jirgi, gaban ƙanena, na kwarara ihu.

"Dudu! Dudu!"

Shi ne karo na farko da sunan ya fita daga bakina. Tamada ya sunkuyar da kai kamar ya gan ni ba zane.

Wani Basarke, masunci mai jefa ragar birgi nesa kaɗan, ya ji, ya matso. Dattijo ne mai farin gemu.

"Baiwar Allah, ɗiya kike biɗa? Mai wuri biyu a wuya?"

Tamada ya ce ita ce.

"Tana zangonmu tun Litinin. A rassan iccen ga na tsince ta, an ɗaure ta da majanyi, ɗaurin goyo, ƙulli uku. Har ta gaji da kuka."

"Tsohuwar fa, Baba?"

"Ban ga tsohuwa ba. Na dai ga ƙofar rumbu a buɗe, ga dami guda an jingina gindin icce."

Ba wanda ya ga abin da ya faru. Mun dai gane Inna ta ɗora yarinya sama da inda ruwa ya taɓa kaiwa, ta koma kwaso hatsi ta hanyar da ta sani, wadda farin ruwa bai taɓa wuce gwiwa a kanta ba. Dami ɗaya ta fitar. An yi kwana tara ana nema, ba a samu ko kallabinta ba.

A zangon Sarkawa na sami Dudu bisa cinyar wata mata, sauro ya farfasa mata fuska. Na durƙusa na miƙa hannu. Ta dube ni, ta juya baya. Yaye ya yi aikinsa, ta manta ni. Na zazzage kwallar a ƙasa gaban kowa, gishiri ya zube, na lalubo alewar na ba ta. Ta karɓa ta riƙe ba ta sha ba.

"Inna," ta ce, tana duban ruwa.

Na goya ta muka koma Yelwa. Kwana biyu ta ƙi cin komai. Na dama kunu, ta ture. Na yi lallashi, Bello ya yi, Rahila ta yi rawa ta yi waƙa, a banza. A rana ta uku ta nuna wata 'yar ƙwarya ta ce, "Na Inna." Na zuba ludayi guda na ajiye gefenta, na rufe da faifai. Sai ta buɗe baki ta sha nata. Daga ranar, in ba a zuba na Inna ba, ba ta ci.

Ta daina tambayar na Inna kafin shekara ta zagayo. Yau tana aure a Wara, har ta kai nata 'ya'yan yaye, kuma ba ta tuna komai. Ni ce ban daina ba. Kowace safiya in na dama kunu, ludayin farko a 'yar ƙwarya yake shiga. In rufe da faifai, in share tsakar gida, in ya huce in zauna in shanye.