Ɗalibin Bai Waiwaya Ba

A kamfanin tayil ɗin babu mai kiransa da sunansa. Farfesa suke ce masa, kuma ba don girmamawa ba. Shekara goma sha huɗu yana riƙe da makullan sito, shida daga ciki yana karatun digiri ta intanet. Idan leburori suka zauna cin abincin rana, shi sai ya hau kan kwalin tayil, ya kafa waya a kunne, yana sauraron malamin da bai taɓa gani ido da ido ba.

"Farfesa, in ka zama manaja ka tuna da mu," in ji direban babbar mota. "Ko da yake kafin nan haƙoranmu sun zube."

"Naka ai sun riga sun kama hanya," ya ce, bai ko ɗago kai ba.

Kwas ɗaya ya rage masa, ƙididdiga. Sau biyu yana faɗuwa, kuma a dokar jami'ar zama na uku shi ne na ƙarshe. A gida ake rubuta jarrabawar, gaban kyamarar kwamfuta: awa biyu, ɗaki a rufe, ba tashi, ba waiwaye, ba magana da kowa. Wanda ya karya ɗaya an soke takardarsa.

Gidan ɗaki biyu ne da banɗaki, a bene na uku. Yana zaune da mahaifinsa, wanda ke kiransa Babba, tsohon tela da hawan jini ya taɓa kayarwa ya bar shi yana jan ƙafar hagu, da ƙanwarsa Auta mai aiki a kantin magani. Auta ta yi alkawarin zama da Baba ranar Asabar ɗin da za a yi jarrabawar. Da safe aka kira ta, wai abokiyar aikinta ba ta zo ba.

"Yaya, in ban je ba korata za su yi."

"Awa biyu kacal na roƙe ki a shekara shida!"

"Kai, ku rabu da ni," in ji Baba daga kan katifa. "Jariri ne ni? Jeki abinki. Kai kuma Babba, shiga ka rubuto mana digirin nan, mun gaji da jin labarinsa."

Ƙarfe goma ya rufe ƙofa. Tambayoyin suka zo masa da sauƙi yadda ba su taɓa zuwa ba. Saura biyu, ya ji sandar Baba tana ƙwanƙwasa siminti zuwa banɗaki. Sai ƙarar faɗuwa. Ba ta kujera ba ce, ba ta bokiti ba. Duk wanda ya taɓa jin mutum ya faɗi ya san ta.

"Babba."

Kada a yi masa ƙarya don a rufa masa asiri: ya ji. Hannunsa ya tsaya a kan madannai. Ya ce wa kansa zamewa ce kawai, tsohon ya saba. Ya ce mai iya kira ai da sauran ƙarfinsa. Mutum in yana son abu, hujja ba ta yi masa wuya.

"Babba."

Ya amsa ta farko cikin tambayoyi biyun da suka rage. Muryar ta yi ƙasa, sunan ya fara narkewa a bakin mai kiran. Ya amsa ta biyu, har ya sake duba lissafinsa, sannan ya tura. Minti goma sha ɗaya.

Ya tarar da Baba kwance tsakanin ƙofa da famfo, ruwa na zuba a kan rigarsa, ido buɗe, baki a karkace.

A asibiti likita ta tambaya tun yaushe yake kwance.

"Ban sani ba. Ƙofata a rufe take, ban ji komai ba."

Auta ta rungume shi tana kuka, tana cewa laifinta ne, da ba ta fita ba. Ya bar ta ta ɗauka. Ko mintocin nan ne suka yi ɓarnar, ko da ma ta riga ta auku, likitar ma ba ta iya cewa ba. Baba ya rayu, amma magana ta tafi.

Rana ta biyar, suna zaune a barandar asibiti, Auta ta ari wayarsa za ta kira gwaggonsu. Saƙo ya shigo daga jami'a, ta buɗe don ta yi masa albishir. Ya ga fuskarta ta sauya. Ta karanta a fili, a hankali, kamar mai karanta takardar magani.

"An binciki bidiyon jarrabawarka saboda hayaniya. An ji ƙara, an kuma ji wata murya ta yi kira sau bakwai. Ɗalibin ya dakata da rubutu, amma bai tashi ba, bai waiwaya ba, bai amsa ba. Babu laifi. An tabbatar da sakamako."

Ya buɗe baki.

"Sau bakwai, Yaya. Kwana biyar ina kasa haɗa ido da shi."

"Auta, ki saurare ni…"

"Ka ci. Maki saba'in da ɗaya." Ta ajiye wayar a kan benci, ba ta miƙa masa a hannu ba. "Tashi ka shiga ka gaya masa. Yana ji sarai, bakin ne kawai ya mutu. Kuma ya san ko sau nawa ya kira."

Ya tashi, ya je ƙofar ɗakin, ya kama mariƙinta. Ta gilashi ya hango Baba, ido a kan ƙofar. Yana nan tsaye har mai shara ta iso da bokitinta.

"Malam, ko ka shiga ko ka matsa," ta ce.