Motar da ke Ɗauke da Rumfa

Wata biyu ke nan kullum da safe Baba zai shiga rumfar mota, ya tayar da tsohuwar motarsa, ya ɗumama inji, ya kashe, ya fito. Ko taku ɗaya ba ta matsawa. In Mama ta ce a kai ta kasuwa, sai ya ce tafiyar ƙasa tana ƙara lafiya.

Ni kuwa abin ya fara ba ni tsoro. Cikina ya shiga wata tara, mijina yana can wurin aiki mai nisa, shi ya sa na dawo gida. Asibiti ba kusa ba ne, kuma motar nan ce kaɗai abin da na dogara da shi.

Ranar da na je shanya a bayan rumfar ne asiri ya tonu. Babban katakon da ya gitta tsakiya ya lanƙwaso, ya kwanta ɗare-ɗare a kan rufin motar. Na miƙa hannu na danna shi, sai yatsana ya lume cikin fenti kamar burodi. Ruwa ya daɗe yana bi ta ramukan ƙusa, gara kuma ta ƙarasa aikin. Ashe motar ce ke riƙe da rumfar gaba ɗaya.

"Baba, tun yaushe ka sani?"

Ya sosa ƙeya. "Ina nazarin abin ne."

"In naƙuda ta zo fa? Nazarin ne zai kai ni asibiti?"

Na san inda matsalar take. Shi ya kafa rumfar da hannunsa shekara tara da suka wuce. A lokacin ƙanensa, Baffa kafinta, ya ce katakon ɗanye ne, a bari ya bushe a shafe shi da baƙin mai. Baba ya ce ai shi ya goya Baffa, ba zai koya masa buga ƙusa ba. Tun daga ranar suna gaisawa lafiya lau, amma ba mai ambaton rumfa.

Na miƙa wa Baba waya don ya kira Baffa. Ya dube ta, ya dubi cikina, ya karɓa.

Baffa ya iso da zarto da guduma da sabon katako a kan amalanke. Ya zagaya rumfar sau biyu yana cije leɓe don kada dariya ta kuɓuce masa.

"Yaya, fentin dai ya yi kyau," in ji shi.

Ya tokare ruɓaɓɓen katakon da sanduna huɗu, biyu a kowane gefen motar. Ya ce ba za a ɗaga shi da jak ba, don zai dagargaje, kwanon ya rufto. Tunda sama ba za ta hau ba, dole motar ta sauka. A sace iskar tayoyi.

"Ba mai taɓa mini taya," Baba ya ce. "In yarinyar nan ta ce wayyo yanzu, da faci zan kai ta?"

Sai Mama, da ke tsaye da ludayi a hannu, ta ce, "To ku yi mata lodi mana. In an cika ta ai zama take yi."

Aka jefa buhun siminti biyu a but ɗin motar. Mama ta shige baya, ta ƙwala wa maƙwabciyarmu mai kitso kira, ita kuma ta fito tare da matar da take yi wa kitso, rabin kai a tsefe, suka shiga suka zauna. Baba ya zauna a mazauninsa. Baffa ya hau tsani ya leƙa.

"Saura ƙiris! Wa ya rage?"

Duk suka juyo suka zuba mini ido. Raina ya so ɓaci, amma na ja jiki na zauna a gaba. Motar ta yi wani nishi.

"Na ga haske! Yaya, a hankali!"

Baba ya saki birki. Muka silalo waje kamar masu ɗauke da ƙwai, matan baya suna ta shewa. Rumfar ta ɗan yi ƙara, ta tsaya a kan sandunanta.

Sauran yinin na kwashe shi a kan kujera ina kallonsu. Suka cire kwano biyu, Baffa ya yanke ruɓaɓɓen guntu-guntu, yana faɗowa yana zubar da gari. Baba ne ya shafe sabon da baƙin mai, har gwiwar hannu, ba wanda ya sa shi. Da suka ɗora shi, Baffa na kan tsani, Baba na riƙe masa ƙafar tsanin.

"Auta," Baba ya ce ƙasa-ƙasa, "da ma ka faɗa mini."

"Me ka ce, Yaya? Ƙarar guduma ta hana ni ji."

"Ka ji sarai, ɗan nema."

Na yi dariya har sai da bayana ya amsa. Na jira abin ya wuce, sai ya dawo, ya fi na farko ƙarfi.

"Baba," na ce, "saki tsanin nan, naƙuda ta zo."

Ya dube ni sau ɗaya, ya sake shi, tsanin ya zame. Baffa ya rungume sabon katakon yana salati, ƙafafunsa na lilo a sama. Katakon ko gezau bai yi ba.