Wa Ya Tuƙa Motar Dayi?

Shekara goma sha ɗaya Maitama ya yi yana riƙe wa Aƙilu kalangu. Aƙilu ne mawaƙin, shi ake yi wa liƙi, shi ake kira da suna a gidan biki. Amma daga Tsiga har Malumfashi duk wanda ya san kiɗa ya san hannun da ke ɗauke da waƙar. Maitama kan matse kalangu a hammata ya sa shi ya yi magana, har mahauta su ajiye wuƙa su saurara.

Da kakar 1985 wani Alhaji dillalin auduga ya yi wa Aƙilu kyautar ƙaramar bas. Aka ɗauki direba mai suna Ummaru. Wata ranar Asabar da la'asar, sun tashi daga wani biki a Dayi, Aƙilu ya ga 'yan mata sun jeru bakin hanya suna kallon motar, sai ya ce wa Ummaru ya matsa, shi zai ja.

"Maigida, ba ka gama koyo ba," in ji Ummaru.

"Motar taka ce ko tawa?"

Ba su yi mil biyu ba ya ture su cikin wani kwazazzabo. Motar ta kife, ta danne hannun Maitama na dama. Aƙilu ya fita ta taga ko ƙwarzane babu. Ya dubi abin da ya faru, ya hau titi, ya tsayar da wata mota ya tafi. Manoman da ke ɗibar auduga a kusa ne suka ɗaga bas ɗin.

A asibiti aka yanke shi daga wuyan hannu. Kwana uku da yin aikin Aƙilu ya zo da lemo da tsire, ya zauna bakin gado ya yi ƙasa da murya.

"Na gaya wa 'yan sanda Ummaru ne ke tuƙi. Don girman Allah ka bar ta a haka. In aka ɗaure ni duk mun mutu. Ni kuwa muddin ina numfashi ba zan yar da kai ba."

Maitama ya bar ta a haka, aka ɗaure Ummaru shekara guda, aka karɓe lasisinsa.

Da Maitama ya warke ya tarar an ba wani kalangunsa. Ya bi 'yan kiɗan wani biki a Bakori, ya roƙi Aƙilu ko cikin 'yan amshi ne a sa shi, tunda muryarsa ba ta yanke ba. Aƙilu ya ce ya jira a gama. Ana tsakiyar wasa, jama'a sun cika fili, sai Aƙilu ya juyo ya nuna shi da baki, ya jefa cikin waƙa cewa hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, mai dungu ya koma gida ya yi jiran kaji. 'Yan amshi suka karɓa. Mutane suka yi dariya, wasu ma ba su san da wa ake ba.

Maitama ya taka da ƙafa har Funtua. A hanya ya yi rantsuwa sai ya rama, bai kuma gaya wa kowa ba.

Ya samu aikin tsaron kaya a wani shago kusa da tashar mota. Maƙwabcin shagon wani mai gyaran rediyo ne, Lateef, Bayerabe haifaffen Funtua, wanda Hausa ta fi zama a bakinsa fiye da Yarabanci. Idan rana ta take ciniki ya lafa, Maitama kan zauna a bencinsa.

Wata rana cikin 1987 ya iske Lateef ya sunkuya kan wata 'yar na'ura, tsawonta bai wuce tafin hannu da rabi ba, da ɗan gilashi a sama da maɓallai jere a ƙasa. Wansa Adewale ne ya kawo masa daga Legas. Wasa ake yi da ita: wasu lambobi na tahowa a guje ta cikin gilashin, kai kuma kana harbe su kafin su iso. Kowane harbi da kukansa.

"Sake danna wancan," in ji Maitama.

"Wanne, Malam Maitama?"

"Na ƙarshe. Sai kuma na kusa da shi."

Lateef ya danna. Ɗaya siririya, ɗaya ta fi ta kauri.

"Ai ba wasa kaɗai take yi ba," Lateef ya ce, ya tura wani ɗan makunni gefe. "In ka kai shi nan, kowane maɓalli murya ce. Kuma tana da ƙwaƙwalwa. Abin da ka danna tana riƙewa, har guda ɗari. Ka taɓa nan, ta maimaita maka da kanta."

"Da kanta? Ko hannu ɗaya ne ya danna?"

"Ko yatsa ɗaya ne."

Maitama ya karɓe ta ya ɗora a cinya. Ranar har aka kira la'asar bai ɗago kai ba.

Ya fi wata biyu yana koyonta. Bai iya karatun boko ba, don haka Lateef ya aro jan farcen matarsa Silifat ya ɗiga wa maɓallai uku alama: na sama, na tsakiya, na ƙasa. Muryar farko da na'urar ke fitarwa kamar ta tsiyayar famfo take, Maitama ya ce wannan ba za ta yi magana ba. Lateef ya nuna masa cewa ana iya gina murya da lambobi, ɗaya ta sa sautin ya faɗo da ƙarfi, wata ta sa ya mutu da wuri ko ya ja. Suka yi ta sauyawa har suka samu wadda ke bugawa ta ɗan yi gunji ta ɗauke, kusa da fatar kalangu in ta sha rana. Abin da ya fi ba shi wuya shi ne lanƙwasa. Kalangu in ka matse igiyoyinsa murya kan zame daga ƙasa ta hau sama, na'urar kuwa tsalle take yi. Sai ya gano in ya jera gajerun sauti biyu dab da juna ya ƙara gudu, kunne kan ji kamar zamewa ce.

Sau biyu batir na mutuwa komai ya goge. Ya sake shigarwa ɗaya bayan ɗaya da babban yatsan hagu, bai yi tsaki ba.

"Wai wace waƙa ce wannan da ba ta ƙarewa?" Lateef ya tambaye shi.

"Saƙo ne. In ya nuna za ka ji."

Ran da ya gama, ya roƙi Lateef ya jona na'urar da babbar lasifikar da yake bayarwa haya, wadda dama yakan gwada a ƙofar shago. Safiya ce, tasha ta cika da masu zuwa Zariya da Gusau. Maitama ya danna.

Abin da ya fara fita taken Aƙilu ne, wanda ake buɗe masa fili da shi, kowa ya san shi, Maitama ne ma ya ƙirƙire shi. Mutane suka juyo suna neman makaɗin, ba su ga kowa ba sai mai dungu zaune da ɗan abu a cinya. Da taken ya kai inda ya saba sauka, sai ya karkace ya shiga wata magana, ya maimaita ta sau biyu, ya koma farko.

Mati, wani tsohon mahauci da ke da tukuba a bakin tashar, ya tsaya da wuƙa a sama. Shekara hamsin yana jin kalangu. Ya karkata kai, ya bi da leɓe, sannan ya faɗa da ƙarfi:

"Aƙilu, a Dayi wa ya tuƙa? Wa ya gudu?"

Ya dubi Maitama. "Haka ta ce ko kunnena ne?"

"Baba Mati, ni ban ce komai ba."

Cikin waɗanda suka matso har da Ummaru. Tun da ya fito daga gidan yari yake kamasho a tashar, yana kiran fasinja ga motocin da a da shi ke jan irinsu. Bai taɓa yi wa Maitama magana ba tun fitowarsa. Ya tsaya ya ji kiɗan ya zagayo sau uku, idonsa ya kaɗa.

"Sai yanzu?" ya ce.

"Sai yanzu. Na cuce ka, Ummaru. Tambaye ni a gaban mutanen nan, zan faɗa da bakina."

Ummaru ya tambaya, Maitama ya faɗa, tun daga 'yan matan bakin hanya har tsiren asibiti.

Direbobi ba su ɗauki abin da wasa ba, don nasu aka ɗaure a banza. Kafin mako ya zagayo wani mai tirela ya kwaikwayi bugun da hon, huɗu a jere, ɗan tsayawa, huɗu a jere. Masu bas suka ɗauka, masu babur suka ɗauka. Duk motar da ta wuce ƙofar gidan Aƙilu a Tsiga sai ta buga. Sabon direbansa ya ajiye makulli, aka rasa wanda zai karɓa. Kowace safiya kuma Maitama na bakin shagon Lateef, yana ƙara wa kiɗan ado: ya sa masa amo na ƙasa mai tafiya kamar ganga, ya rage gudu a wurin tambayar don kowa ya ji ta sosai.

Ranar Laraba Aƙilu ya zo da kansa, cikin babbar riga, da mutum biyu a bayansa.

"Maitama, kashe abin nan."

Maitama ya bar shi ya kai ƙarshe tukuna, sannan ya kashe.

"Sannu da zuwa, maigida."

"Zagina kake yi a bainar jama'a. Zan kai ka gaban alƙali."

"To. Me na ce?"

"Ka san abin da ka ce!"

"Ni bakina a rufe yake, ga shaidu. Abin wasa ne na Lateef yake kuka. In kai ka ji magana a ciki, faɗa mana ita, mu ma mu ji."

Aƙilu ya buɗe baki. 'Yan kamasho da masu shayi sun kewaye su, Ummaru na gaba ya harɗe hannu. Ya rufe bakin. Can ya matso ya yi ƙasa da murya, irin ta ranar asibiti.

"Ka dawo cikinmu. Amshi, ko ma me kake so. Kalangunka ma yana nan."

"Da wane hannu zan buga shi?"

Aƙilu ya juya. Bai kai bakin titi ba Maitama ya sake dannawa, wata motar Gusau da ke fita ta amsa da hon.

Bikin da ya ƙarasa Aƙilu a Malumfashi aka yi. An buga takensa zai shiga fili, sai matan da ke gefe suka ƙarasa da tafi, huɗu da huɗu. Ya fara waƙa, samari suka rera tambayar a kan muryarsa. Ya yi baiti biyu ya ajiye makirufo. Daga nan gayyata ta ɗauke, 'yan amshi suka watse, Alhajin da ya ba shi motar ya aiko aka tafi da ita.

Lateef ya cire wayar lasifika da hannunsa wata safiya.

"Malam Maitama, ya isa haka. Mutumin nan ya faɗi. Ga masu biki suna ta tambaya ko za ka zo ka yi musu kiɗa da abin nan. Ka shirya wani sabo mana, mai daɗi."

"Zan shirya."

"Yaushe?"

"In na ƙoshi."

Lateef ya girgiza kai. Bai karɓe na'urar ba, amma bai sake jona masa lasifika ba.

Bayan watanni labari ya zo cewa Aƙilu ya bar Tsiga ya koma Kafur wurin dangin uwarsa, yana sayar da rake a kasuwa. Ranar kasuwar Maitama ya sayi sababbin batura, ya sa na'urar a aljihun gaba, ya hau mota. Ya same shi a ƙarshen layin masu rake, ya rame, yana fere da wata gajeriyar wuƙa. Mutanen wurin ba su san shi da wata sana'a ba sai wannan.

Maitama ya samu dutse daura da shi ya zauna. Ya fiddo na'urar ya ɗora a gwiwa. Ba lasifika, muryarta 'yar ƙarama ce, iyakarta taku goma. Ya danna.

Wuƙar ta tsaya. Aƙilu bai ɗago ba.

"Har nan, Maitama?"

"Har nan."

Wata mata da ke zaɓen rake ta tambayi abin da ke kuka haka. Kiɗan ya zagayo na biyu, ya zagayo na uku. Aƙilu ya tattara rakensa ya ɗaure, ya ɗora a ka, ya bi ta bayan rumfuna tun kasuwa ba ta gama cika ba.

Maitama ya kashe na'urar don kada batir ya ƙare. Ya tambayi mai raken da ke kusa ko nan ne mazaunin mutumin kullum, aka ce masa nan ne. Ya ci tuwo a rumfar wata tsohuwa, ya yi azahar, ya nemi motar Funtua. Mako na gaba ya dawo, da wanda ya biyo bayansa, har ruwa ya sauka hanyar ta lalace.