Gurbin Nana a Bango

Gawayin ya karye a hannun Habsatu tana cikin jan layi na ƙarshe a bangon madafi. Ta ja baya ta dubi abin da ta zana: asuba, hantsi, azahar, la'asar, magariba. Yini guda ke nan ta yanka gida-gida, tana neman inda za ta cusa karatu.

Tun bayan girbi malamin makarantar ƙauyensu, can gefen Korgom, ya hau babur ya ce zai je Tasawa ya dawo. Har yau yana dawowa. Awaki sun cinye bangon ajin zana, sun fara miƙa wuya ga rufin. Ga babbar 'yarta Rukaiya a ajin ƙarshe, jarrabawar shiga kwaleji tana matsowa. Habsatu ta ɗan taɓa kwaleji kafin aure, don haka ta ce ita za ta koyar da 'ya'yanta a gida. Abin da ke hana ta sukuni shi ne kada yarinyar ta tsaya inda ita ta tsaya.

Ta rubuta R ta Rukaiya da N ta ƙanwarta Nana a gidan asuba.

"To, wa za ya yi sussuka?" in ji Iya, surukarta, daga bakin ɗaki.

Habsatu ta goge da gefen zane. Azahar ta girki ce. La'asar Rukaiya na tallan ƙuli-ƙuli, wanda shi ke riƙe da gidan tun da Maharazu, mijinta, ya tafi ci-rani. Magariba kuwa duhu ne, fitilar ta daɗe da mutuwa.

Saura hantsi, hantsi kuma na famfo ne. Famfo ɗaya ne a ƙauyen, mata na jera jarkoki tun da safe, kuma dokar wurin sananniya ce: jarkar da ba mai tsaronta, da ƙafa ake fitar da ita daga layi. Rukaiya ce mai tsaron nasu har rana ta take.

* * *

Nana ta shigo da gudu, allonta a hammata. Shekararta bakwai, bana aka sa ta lakkwal, wato makarantar boko, baƙi biyar ta samu kafin malam ya ɓace.

"Inna, yau za mu hwara lakkwal ɗin?"

Habsatu ta dubi siraran ƙafafun yarinyar. Ba za ta iya ɗaukar jarka ba, amma za ta iya tsayawa kusa da ita. Habsatu ta gane ta samu mafita, kuma ba ta so ta ba.

"Nana, gobe ke za ki tahi hwamho. Ki dinga turawa gaba, in layi ya kusa mu taho mu ɗauka."

"Karatun hwa?"

"Bari yayarki ta wuce tukuna."

"Yaushe za ta wuce?"

Habsatu ta duƙa tana gyara itacen da ba ya bukatar gyara.

* * *

Tsarin ya zauna daram. Kullum da hantsi Habsatu na matsar man gyaɗa tana yi wa Rukaiya shifta, yarinyar na rubutu a kan gwiwa. Har Iya ta daina gunaguni. Nana kan dawo da azahar, ƙafa fari fat, leɓe a bushe. Tun tana tambaya har ta bari. Allonta ya zama murfin tulu.

Wata ranar kasuwa Habsatu ta je ƙara wa bangon baƙi, don hayaƙi ya fara cinye zanen. R na nan ita kaɗai a gidan hantsi. Can ƙasa da gidan magariba, inda layuka suka ƙare, daidai tsayin hannun ƙaramin yaro, wani ya zana ɗan gida na shida da gawayi. A cikinsa akwai N, an rubuta ta a juye.