Ƙofar Sabon Zaure

Bayan ambaliyar da ta cinye rabin garin, tsohon zauren kiɗa ya zama kango, makaɗa suka watse. Yayan Auta, mai busa sarewa, ya bi wata ƙungiya zuwa nesa. Da ma Baba bai taɓa zuwa jin busarsa ba. Cewa yake hura iska ba sana'a ba ce.

Da aka gama sabon zaure, duk gilashi da fitilu, aka gayyato ƙungiyar ta buɗe shi. Yaya ya aiko da tikiti biyu na layin gaba. Shi zai fara busa, shi kaɗai, don tunawa da waɗanda ruwa ya tafi da su, har da Mama.

Ranar buɗewar, Baba da bakinsa ya ce, "Auta, goge mini rigar nan."

Ta goge, ta ga wuyan bai kwanta ba, ta sake.

"Ke, neman aure za ki kai ni? Mu tafi."

"Baba, saurin me? Kiɗa ne fa, ba jirgi ba."

Haka aka saba a tsohon zaure. Kowa na shiga sanda ya ga dama, wanda bai shiga ba ma yana ji daga titi, don tagogin a wangale suke.

Da suka isa sabon zauren, suka tarar da ƙofa a rufe. Mai tsaronta ya ce cikin ladabi, "Ku yi haƙuri, Baba. In an fara, ba a buɗewa sai an tafi hutu."

"Ɗana ne ke busa."

"Wallahi doka ce."

Baba ya jingine sandarsa, ya manna kunne a jikin ƙofar. Shiru. An gina bangon yadda ko tari ba ya fita. Ya daɗe a haka, Auta na kallon wuyan rigar da ya kwanta sumul.

Da aka buɗe, Yaya ya riga ya gama busa ya sauka. Baba ya leƙa kujeru biyun nan da ba kowa, ya ce, "Mu koma. Yayanki ya riga ya gan su ba kowa."

Ta yi ta kiran wayar Yaya, bai ɗauka ba.

Washegari da safe ta ruga tasha don ta gaya masa Baba ya zo. Motar ƙungiyar ta riga ta tashi. Ta dawo gida ta tarar Baba bai cire rigar ba, yana zaune bakin gado. Ta zauna kusa da shi, ta sake danna lambar.