Gizon Cikin Safa

Suna shiga ɗakin likita shi da matarsa, Mai Wuta ya zube a kan kujera, hannunsa na dama yana rawa kamar ba nasa ba. Gumi ya jiƙa masa riga sharkaf, tsokar kafaɗarsa sai tsalle take ita kaɗai. Ya tsufa yana gyaran lantarki a gidajen mutane, ya san jan wuta, wannan kuwa ba shi ba ne. Abin da ya tsaya masa a rai, haka yayansa ya fara, daga hannu. Yau ga shi can kwance, sai an juya shi.

"Likita, faɗa min gaskiya," ya ce. "Shanyewar jiki ce ko? Gadon gidanmu ce, haka yayana ya fara."

"Rufa mana baki, don Allah," in ji matarsa, idonta ya kaɗa ya yi ja.

Likitar ba ta wuce sa'ar 'yarsa ba. Ta sa shi ya yi murmushi, ya ɗaga hannu biyu, ya matse mata yatsu. Sannan ta juya babban yatsansa, ta ga ɗigo biyu jajaye.

"Baba, me ka taɓa yau?"

"Ban taɓa komai ba, safar hannu ma na sa. Na dai ji ɗan suka kaɗan, na ce bakin waya ne."

Safar hannun nan matarsa ce ta saya masa tun bara. Ya rataye ta a ƙusa bayan ƙofar shago, wai hannun da ke cikin safa ba ya jin waya. Yau da safe ta biyo ta shagon, ta tsaya a kansa sai da ya zura.

Aka ciro safar daga jakar kayan aiki, likita ta zazzage ta a kan faranti. Sai ga gizo-gizo ya faɗo a murƙushe.

"Ga mutumin naka," ta ce. "Baba, jijiyoyin jiki da ɗan lantarki suke aika saƙo. A jikinsu akwai ƙananan ƙofofi, su buɗe gishirin jiki ya shiga, su rufe nan take. Dafin wannan zuwa yake ya manne a ƙofar, ya hana ta rufuwa da wuri. Sai saƙo ya yi ta tafiya ba wanda ya aike shi."

Mai Wuta ya ɗan gyara zama. "Makunni ya maƙale ke nan."

"Kamar haka."

"Wayar fa? Ta ƙone?"

"Lafiyarta ƙalau. Yayanka wuta ce ba ta zuwa, kai kuwa yawa ta yi maka. Za mu yi maka allura, mu riƙe ka zuwa gobe. Dafin zai saki."

Matarsa ta dafe bango ta sauke numfashi, sai a lokacin hawayen suka zubo.

Wajen la'asar rawar ta lafa. Yana kwance ana ƙara masa ruwa, yana lanƙwasa yatsu ɗaya bayan ɗaya, kowanne ya amsa.

"Kin gani ko?" ya ce wa matarsa. "Tsawon rayuwata hannu tsirara ban kwana asibiti ba. Rana ɗaya na bi maganarki."

"Da kullum kana sawa, da gizo bai samu gidan zama ba."

Ya dubi babban yatsansa. Can ya miƙa hannu.

"Miƙo min ɗaya safar."

Ya kifa ta, ya kakkaɓe sosai, ya leƙa ciki da ido ɗaya, sannan ya tura ta ƙarƙashin matashinsa.