Hayaƙin Ɗalha

Ranar Talata da hantsi Maijidda ta ga abin. Ta tuɓe za ta yi wanka, sai ga wani bororo mai faɗin tafin yaro a gefen hagu na ƙirjinta, daidai inda aka cire mata nono bara. Ya fashe, yana tsattsafo da ruwa. Maijidda ta zauna kan kujerar wanka. Haka sankarar gwaggonta ta fara dawowa, da ɗan miki, wata huɗu aka kai ta makwanci.

Wata takwas ke nan da gama mata magani a asibitin birnin Madani. Bayan yankan, sai da ta kwanta sau ashirin da biyar ƙarƙashin injin da ke ƙone ragowar sankara da haske, har fatar wurin ta yi duhu, ta yi tauri kamar ƙirgi. Likitarta, Duktura Ibtisam, ta ce idan fatar ta huta za a iya mayar mata da nono. Ko a sa wata 'yar jaka mai taushi a ƙarƙashin fatar, in fatar ta yarda, ko a ɗebo tsoka da fata daga bayanta, wanda aiki ne babba. Maijidda ta ƙwallafa rai a kan jakar, don wuƙa ta ishe ta.

Yayarta Huseina ce ta riƙe ta tun farkon ciwon. Mace ce mai hannu da baki, ba ta taɓa yarda akwai abin da ya gagari dabarar mata ba. Makon da ya wuce, da aka ce Uzairu mijin Maijidda na kan hanya daga girbin riɗi a Rusairis, Huseina ta share ramin hayaƙi na bayan ɗaki, ta hura itacen ɗalha mai ƙamshi, ta zaunar da ƙanwarta a kai ta lulluɓe ta da bargo. Wace matar aure ce za ta tarbi miji ba ƙamshin hayaƙi? Har ta ce ta duƙa sosai, zafi ya ratsa fatar nan ta yi laushi. Maijidda ta duƙa, ta daɗe, ta kuma ji daɗi, don rabonta da jin kanta mace an jima.

Yanzu Huseina ta leƙo ta ga mikin.

"Shi na, Yaya. Ya dawo."

"Ki bar faɗi. Tashi mu tai Madani."

Daga garinsu Hajj Abdalla har Madani Maijidda ba ta ga gona ko ɗaya ba, ko da yake sun wuce ta tsakiyarsu. Ta riƙe mayafinta nesa da ƙirji, tana tunanin wa za ta bar wa 'yarta Lubna.

Huseina ta tsaya a barandar asibitin. A ciki Duktura Ibtisam ta ɗage rigar, ta sunkuya ta daɗe tana dubawa. Sai ta ɗago, ta shinshina mayafin, ta tambaya da Larabci:

"Yaushe kika shiga hayaƙi?"

"Ran Asabar, Duktura."

"Wannan ba ciwon ba ne. Ƙuna ce."

Maijidda ta girgiza kai. "Ban ƙone ba. Da na ƙone ai da na ji."

Likitar ta ce ta rufe ido. Maijidda ta rufe, tana jira. Da aka ce ta buɗe, sai ta ga yatsan likitar a danne kusa da mikin, ya lotsa fatar, ita kuwa ba ta san an taɓa ta ba. Duktura ta yi mata bayani a hankali: wuƙa ta yanke jijiyoyin wurin, haske ya raunana fatar, shi ya sa ta gasu ba ta sani ba. Irin wannan fata ba ta saurin warkewa, kuma bayan wannan ba za ta riƙe jaka ba. In har tana son aikin, sai dai a ɗebo daga bayanta, shi ma sai shekara ta zagayo.

Ya kamata ta yi murna, ta kuma yi, kaɗan. Amma wani tsoron ya shigo ya zauna inda na farko ya tashi. Wuta ta ci jikinta tana zaune tana murmushi. To in shi ainihin ciwon ya dawo nan, wa zai gaya mata?

Tana fitowa Huseina ta miƙe, ta kama ginshiƙi.

"Mi ta ce?"

"Bai dawo ba."

Huseina ta durƙusa nan kan siminti tana hamdala, hawaye na bin fuskarta. Da ta tashi ta share ido da gefen mayafi, bakinta ya dawo. "Ai na sani. Da mun isa gida in hura miki ɗalha, mikin ga ya bushe."

Maijidda ta dubi hannun yayarta, hannun da ya yi shekara yana wanke ta. Ta kama shi ta ɗora a hagun ƙirjinta, kan bandejin.

"Yaya, kin taɓa ni?"

"Ga hannuna kuwa."

"To ni ban ji ba. Ran Asabar ma ban ji ba."

Huseina ta tsaya kallonta. Sannu a hankali ta janye hannun, da ido kawai Maijidda ta san an ɗauke shi.